Yadda Nake Koya wa Ɗaliban Injiniya Nazarin Daraja

Ɗalibin injiniya da ya kai ajin ƙarshe ya iya lissafa nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya lanƙwashe, ya kuma iya zana inji a kwamfuta ya juya shi ta kowace fuska. Amma ɗora yatsa a kan noti ɗaya a cikin zanen nasa ka ce, "Wannan me yake yi a nan, kuma nawa ne?" Yawanci shiru za ka ji, ko ya ce haka ya gani a littafi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mafi yawan kuɗin da kaya zai ci a masana'anta tun a teburin zane ake yanke shi. Da zarar an zaɓi ƙarfe, an zaɓi kauri, an zaɓi yawan sassa, abin da ya rage wa mai sayen kayan aiki da mai walda su rage kaɗan ne. Saboda haka nake rubuta wa 'yan'uwana malamai na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha yadda nake tafiyar da darasin nazarin daraja, wato auna aikin kaya da kuɗin da ya ci, a zango guda, ko wani zai ɗauki abin da ya dace da ajinsa.

Asalin fannin daga kamfanin General Electric na Amurka yake. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙarafa da sauran kayan aiki sun yi ƙaranci, dole aka riƙa neman madadi, sai aka lura sau da yawa madadin ya fi sauƙin kuɗi kuma aikinsa bai gaza na asali ba. Wani injiniya a sashen sayen kaya, Lawrence Miles, shi ya mayar da wannan dace ya zama tsari a 1947. Sojojin ruwan Amurka suka ɗauke shi a 1954, aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a 1959, Japanawa kuma suka kafa tasu a 1965 suka yi nisa da shi a masana'antun mota. Ba na ɓata fiye da rubu'in awa a kan tarihin nan. Abin da nake so ya zauna a kan ɗalibai shi ne tambayoyi biyar da Miles ya riƙa yi wa kowane kaya: mene ne wannan, me yake yi, nawa ya ci, me kuma zai iya yin wannan aikin, shi kuma nawa zai ci? Ina rubuta su a saman allo, ba na goge su har ƙarshen zango.

Ƙarƙashinsu sai in rubuta cewa daraja ita ce aikin da kaya ke yi a raba shi da kuɗin da ya ci. Nan take rabin aji za su fahimci cewa ana nufin a rage kuɗi. Ka tare wannan fahimta tun ranar farko, in ba haka ba za ta bi ka har jarrabawa. Idan ka rage kuɗi kashi goma, aiki ya ragu kashi talatin, daraja ta faɗi. Idan ka ƙara kuɗi kaɗan kaya ya ninka shekarunsa, daraja ta hau. Araha ba ta ado, kuma ɗalibanmu sun san haka a kasuwa, a aji ne kawai suke mantawa.

A fara da kwancewa

Kada ka daɗe a kan allo. Ka raba aji ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar ko shida, kowace ƙungiya ta sayo tocila mai caji irin wadda ake sayarwa a bakin titi. Na fi son a samu iri biyu ko uku masu bambancin farashi, don a jera su gefe da gefe. A ba su sukundireba, farar takarda babba, da ma'aunin nauyi na kicin in akwai. Su kwance ta gaba ɗaya, har ƙaramin sukurun ƙarshe, su manna kowane sashe a takarda su rubuta sunansa, abin da aka yi shi da shi, da nauyinsa.

Ka zagaya ka kalli fuskokinsu a lokacin. Wanda ya buɗe tocila mai ƙiba zai tarar batirin da ke ciki bai cika rabin gidansa ba, sauran duk iska ce da roba. Wani zai tarar da sukuru huɗu inda ƙugiyar roba biyu za su riƙe. Wani kuma zai ga wayoyin da aka liƙa da dalma sirara kamar zare, ya gane dalilin da ya sa tocilar gidansu ke mutuwa da zarar ta faɗi sau ɗaya. Kamfanonin mota na Japan sun daɗe suna yi wa motocin abokan hamayyarsu haka, su baje sassan a ɗaki guda injiniyoyi su zo su duba. Tocilar ita ce ƙaramin wannan.

Kalma biyu

Nan ne zuciyar darasin, nan kuma nake daɗewa. Kowane sashe da aka manna a takarda, sai ƙungiya ta faɗi aikinsa da kalma biyu kacal, aikatau ɗaya da suna ɗaya. Batir: adana wuta. Makunni: katse wuta. Madubin da ke bayan ƙwan tocila: tattara haske. Gilashin gaba: kare ƙwai. Igiyar hannu: hana faɗuwa.

Da jin sa kamar wasan yara, amma sai an gwada. Ɗalibi zai ce, "Malam, aikin gidan roban shi ne ya zama jikin tocila." Sai in ce wannan sunansa ka faɗa, me yake yi? Zai yi tunani ya ce yana riƙe sassa. Madalla. Sai wata daga gefe ta ce ai yana kare su daga ruwa da ƙura, wani ya ce yana ba hannu wurin kamawa, wani ya ce launinsa ne ke jan mai saye. Sashe ɗaya, ayyuka huɗu, kuma kowanne yana cin nasa rabon kuɗin.

Dokoki biyu nake kafawa. Na farko, akwai aikatau da na hana: inganta, taimaka, samar, kyautata. Duk wanda ya rubuta "inganta haske" bai faɗi komai ba. Na biyu, sunan ya kasance abin da za a iya aunawa: nauyi, zafi, haske, wuta, ruwa, lokaci. Dalili shi ne gobe za a tambaye ka nawa. Haske nawa, na awa nawa, zuwa nisan taku nawa? Idan ba a iya auna aiki ba, ba za a iya cewa sabon zane ya yi shi ko bai yi ba.

Kuma kada sunan ya ɗaure mafita. Idan aka rubuta "ɗaure sukuru", an riga an yanke cewa sai da sukuru. Idan aka rubuta "haɗa sassa", ƙofa a buɗe take ga ƙugiya, ga gam, ga zuba roba guda ɗaya da ba ta buƙatar haɗi. Wannan ɗan bambanci shi ne abin da nake fatan ɗalibi ya fita da shi ko da ya manta da sauran.

Bayan an gama jeri, sai a ware babban aiki, wanda in babu shi kayan ya tashi daga abin da yake. A tocila shi ne fitar da haske. Sauran duk masu hidima ne, wasunsu ma zanen ne ya haife su. Ba don an zaɓi batir mai caji ba, da babu buƙatar aikin "rage ƙarfin wuta" da ƙaramin allon lantarkin ciki ke yi.

Daga nan sai tebur: sassa a jere daga sama zuwa ƙasa, ayyuka daga hagu zuwa dama. A ƙiyasta kuɗin kowane sashe, a raba shi ga ayyukan da yake yi. A ce gidan roba ya ci kashi 30 cikin 100 na kuɗin tocilar, ƙungiya za ta yi gardama a kan nawa ne na riƙe sassa, nawa ne na jan ido. Ka bar su su yi gardamar, ita ce karatun. Idan aka tara kowane ginshiƙi, sai a kwatanta da muhimmancin aikin a wurin mai saye. Duk inda aiki marar nauyi ya ci kuɗi mai nauyi, a zagaye shi da jan biro. Can za a koma.

Kurar ruwa

Tocila ta horo ce. Aikin zango na gaske ina so ya zama kayan da ake ƙerawa a garinmu, wanda ɗalibi zai iya zuwa ya ga mai yin sa da mai amfani da shi. Murhun gawayi ya yi, injin ɓare gyaɗa ya yi, amma wanda na fi so shi ne kurar 'yan ga-ruwa. Kowa ya san ta, ba wanda ya taɓa tsayawa ya dube ta, kuma lissafinta ba na wasa ba ne. Jarka 12 masu lita 25 ruwa ne kilo 300, ban da nauyin ƙarfen, kuma mutum ɗaya ke tura shi cikin yashi da ramuka.

Kafin kowa ya taɓa kwamfuta, ƙungiya za ta je bakin rijiyar burtsatse da sassafe. Ina koya musu yadda za su shiga: a yi sallama, a gaisa sosai, a ce, "Malam, mu ɗalibai ne, muna neman ka koya mana wani abu a kan kurarka, in ba za mu tsayar da kai ba." A sayi jarka ɗaya ko biyu, domin lokacinsa kuɗi ne. Kada a tambaye shi wace irin kura yake so, zai ce wannan ma ta yi. A tambaye shi me ya lalace a watan jiya, nawa ya biya, ina ne jikinsa ke ciwo da yamma. Sannan kowane ɗalibi, mace da namiji, ya kama hannun kurar tana cike ya tura ta ko taku ashirin ne.

Abin da suke dawowa da shi ya fi duk abin da zan faɗa a aji. Za su ga inda ruwan da ke ɗiga daga bakin jarka ya cinye ƙarfen ƙasa da tsatsa, daidai kan layin walda. Za su ga tsumman da aka naɗe a hannun kura saboda bututun ya yi wa tafin hannu siriri kuma yana ɗaukar zafin rana. Za su ji cewa faci da boris ne ke cin ribar mako. Za su lura idan sandar tayoyi ba ta zauna kusa da tsakiyar nauyi ba, kurar ko dai ta danne hannu ko ta nemi ɗaga mai tura ta. Za kuma su gano wani abu da ke sauya dukkan lissafi: da yawa daga masu turawa ba su ne masu kurar ba, haya suke yi suna kai balas. Mai kura yana son wadda ba ta da tsadar saye, mai turawa yana son wadda ba ta karya ƙugu. Daraja a wurin wa? Sai ƙungiya ta amsa wannan a rubuce kafin ta ci gaba, kuma ina karɓar kowace amsa in an kafa mata hujja.

A nan nake shigo da taswirar aiki, wadda wani injiniya Ba'amurke, Charles Bytheway, ya gabatar a 1965. Ana rubuta kowane aiki a ƙaramar takarda a jera a bango. Idan ka nufi dama, tambayar ita ce "ta yaya?" Idan ka nufi hagu, "don me?" Kai ruwa, ta yaya? Ta motsa nauyi. Ta yaya? Ta rage gogayya. Ta yaya? Ta juya taya. Sai a karanta a dawo: don me ake juya taya? Don a rage gogayya. Idan jimlar ba ta yi ma'ana ta ɓangarorin biyu ba, akwai aikin da aka tsallake ko aka sa a gurbin da ba nasa ba. Takardu masu mannewa sun fi zane a kwamfuta a wannan mataki, domin ɗalibi ba ya jin nauyin cire takarda ya mayar da ita wani wuri.

Farashi kuwa daga kasuwa za a samo shi, ba daga intanet ba. Wanda ke Kano ya nufi Ƙofar Ruwa, wanda ke Kaduna ya shiga Panteka, kowa da kasuwar ƙarfen garinsa. Su tambayi kuɗin ƙarfe mai kusurwa da na bututu, kauri daban-daban, sabo da na hannu, a wurin mutum uku aƙalla. Su rubuta kwanan wata a jikin kowane farashi, tunda kuɗin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya. Su tambayi tsawon da ake sayar da sanda ɗaya, domin zanen da ya bar guntu-guntu marasa amfani a kowace sanda ya jawo asara tun kafin a kunna injin walda. Su zauna da mai walda su ce, "Maigida, wane wuri ne ya fi ci maka lokaci a kura?" Shi ya san haɗin da ke shan sandar walda, da wanda sai an juya ƙarfen sau uku kafin hannu ya kai.

Neman wata hanya

Sai yanzu ake ba da izinin kawo sababbin dabaru. A ɗauki ayyukan da aka zagaye da jan biro ɗaya bayan ɗaya, a tambaya: me kuma zai iya yin wannan? Ka hana suka a wannan zama, har daga bakinka. Ka lura da ɗaliban da ba sa magana a taro, musamman inda mata ba su da yawa a aji. Ina sa kowa ya fara rubuta dabarunsa shi kaɗai na minti goma kafin a buɗe baki, don kada mai babbar murya ya cinye zaman.

Misalin da nake ba su a nan namu ne na gida. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya dubi manoman da kayan lambunsu ke ruɓewa inda babu lantarki. Wanda ya ce matsalar ita ce rashin firiji zai tsaya cak. Aikin da ake nema shi ne rage zafi. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana bin jikin tukunyar waje yana tashi, yana tafiya da zafin ciki. Wannan aiki ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ina kuma tambayar ɗalibai a wane lokaci ne tukunyar za ta gaza, har sai wani ya gano cewa da damina, iska na ɗauke da laima, ruwan ba ya tashi da sauri. Kowace mafita tana da iyakarta, kuma aikin injiniya ne ya faɗe ta da bakinsa.

Wajen tacewa abubuwa biyu sun wadatar. Ga kowane sashe, tambayoyi uku na Boothroyd da Dewhurst, masana harkar haɗa sassan kaya: yana motsi dabam da na kusa da shi? Dole ne a yi shi da wani abu dabam? Dole ne ya rabu don a iya haɗawa ko gyarawa? In duka amsoshin a'a ne, a nemi hanyar haɗe shi da maƙwabcinsa ko a cire shi. Ga zaɓi tsakanin zane-zane kuma, teburin kwatance na injiniya Stuart Pugh: kurar da ake da ita yanzu ita ce ma'auni, kowane sabon zane a ce ya fi ta, ya yi daidai, ko ya gaza, a kan kowane sharaɗi.

Inda ba a taɓawa

Akwai rage kuɗin da ha'inci ne, kuma ina kiran sa da sunansa a aji. Ina kawo wayar soket guda biyu, in fere su a gaban kowa. A waje kaurinsu ɗaya, a ciki jan ƙarfen ɗaya bai kai rabin na ɗayar ba. Su da kansu za su yi lissafin: ƙarfe ya sirance, turjiya ta ƙaru, zafi ya hau, kuma zafin yana ninkuwa huɗu idan wutar da ke bi ta ninka biyu. A jona hita ko dutsen guga a irin wannan waya a bar ɗaki, sauran labarin mun sha jin sa a kasuwanninmu. Wanda ya yi wannan bai taɓa siffar kayan ba, aikin ya sace, kuma mai saye ba shi da hanyar gani. Duk ƙungiyar da ta samu ragi ta hanyar taɓa lafiyar mutum, makinta a wannan ɓangare sifili ne, kuma ina sanar da haka tun makon farko.

Sai kuma darajar da ba ta shiga ma'auni. Motar Tata Nano ta Indiya, da aka nuna a 2008 da alƙawarin farashin rufi 100,000, aikin injiniya ne na ban mamaki: abin goge gilashi ɗaya, noti uku a kowace taya, ƙaramin inji a baya, but ɗin ma ba ya buɗuwa ta waje. An yi ta ne don iyalan da ke hawa babur su huɗu. Amma ta yi suna a matsayin mota mafi araha a duniya, kuma mutumin da ya tara kuɗi shekara da shekaru don sayen motarsa ta farko ba ya son maƙwabta su ce ta talaka ya saya. Ciniki bai kai yadda aka zata ba, aka daina ƙera ta a 2018. Don haka idan ƙungiya ta ce za ta cire fentin kura da ɗan rubutun da ake yi a jikinta saboda ba su da aiki, sai in mayar da su bakin rijiya su tambaya.

Wajen ba da maki, ba na bai wa kyan zane kaso mai yawa. Mafi nauyi yana kan jerin ayyuka da taswirarsu, sai shaidar cewa an je kasuwa an kuma zauna da mai amfani da kaya, sai lissafin kuɗi kafin da bayan gyara. Kowace shawara ta zo a shafi ɗaya: yadda abin yake yanzu, yadda ake so ya koma, kuɗin da za a rage ko a ƙara, haɗarin da ke ciki, da gwajin da zai tabbatar. In da hali a ƙera kura ɗaya a bitar makaranta, a loda mata jarkoki cike a zagaya da ita. Ranar gabatarwa ina gayyato mai walda ɗaya da ɗan ga-ruwa ɗaya, a biya su kuɗin yininsu, su zauna a teburin alƙalai tare da malamai. A yi bayanin da Hausa in sun fi jin ta, kuma su ne ke fara yin tambaya kafin mu.